Kare a Hawa na Uku

Azumi ta matse tsumma a bokiti, ta sake goge tayil ɗin da ke tsakanin falo da bayi. Kullum nan ne wurin. Simsim na kwance a bakin ƙofa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa yana kallonta kamar ba da shi ake ba.

Ƙaton kare ne, ya manyanta, bakinsa har ya fara furfura. Wata Baturiya da suke aiki asibiti ɗaya ce ta bar shi da kwangilarta ta ƙare, bayan ya yi shekara da shekaru yana kwana a ɗakinta. Azumi, ma'aikaciyar jinya 'yar Zariya wadda ko kyanwa ba ta taɓa kiwo ba, ta ce a ba ta. Ta hau da shi gidanta a hawa na uku a unguwar Aziziyya da rana tsaka, kowa na gani.

Kafin magariba labari ya zaga Hausawan Jidda. Matan da ke zuwa gaishe da Kawu Mailafiya, tsohon da ke zaune a gidanta, su baje a falo da shayi har la'asar, suka ɗauke ƙafa. Wa zai yi salla a gidan da mala'iku ba sa shiga? Maijidda ta hawa na biyu ta tare ta a matakala tana toshe hanci, wai zarnin har ɗakinta.

"Sabon wuri ne, koyo yake," in ji Azumi. "Wanda ba zai iya haƙuri ba ya zauna a gidansa."

Ta kuwa shiga koya masa a bainar jama'a. Safe da yamma ta sa abaya ta sauko da shi filin da ke bayan bene. In ya yi a waje, ta jefa masa tsokar kaza tana yabonsa da ƙarfi har masu shago su leƙo. Ba ta taɓa dukansa ba. In ya matsu yakan je ya karci ƙofa. Duk da haka, da ta dawo daga aiki bokiti take fara ɗauka.

Kawu Mailafiya ƙanin mahaifiyarta ne. Shi ya yi renonta kafin ya zo umra ya ƙi komawa. Ya yi ɗinki a Balad har idanunsa suka gaji, a nan ya binne matarsa, kuma har yau ba shi da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Ɗansa Usama, haifaffen Jidda, ya daɗe da yanke magana: mara iƙama ba shi da asibiti, don haka ranar da jikin tsohon ya fara kasawa za a miƙa shi tarhil, hukuma ta mai da shi Najeriya, inda ba wanda ya rage ya san fuskarsa. Azumi ta rantse muddin tana numfashi ba za a yi ba.

Sai ga shi ita da kanta ta ba Usama abin kamawa. Tsoho mai salla a cikin najasa! Kawu ma ya fi kowa tsine wa karen. Yini yake yana sauya jallabiya, wai la'anannen ya goge shi. Amma ko sau ɗaya bai ce a fitar da shi ba.

"Ko dai kare ya fita, ko Baba ya fita," in ji Usama. "Khalas, magana ta ƙare."

"Ba mai fita," ta ce, ta rufe ƙofarta.

Ranar Alhamis tana tsakiyar aiki Usama ya kira ta, murya cike da fara'a. Ya ɗauke mata wahala. Tun da safe ya shiga da mabuɗin mahaifinsa, ya ɗaure karen a harabar siton da yake lodi a unguwar Sharafiyya. Bayan la'asar zai zo da matarsa da su Maijidda a wanke gidan tas, har da cuɗawa da ƙasa don najasar kare, jama'a su dawo da zuwa gaishe da Baba kamar da.

Azumi ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta bar aiki ba ta nemi izinin kowa ba. A sito ta kwance igiyar da hannunta, masu lodi na kallo. Duk tasin da ta tsayar, direba na hango kare sai ya taka mota. Ta naɗe igiyar a hannu ta kama hanya a ƙafa, cikin ranar Jidda, abaya na manne mata a baya don gumi.

A matakala ta iske su, da bokitai da tsintsiya, Usama na laluben mabuɗi. Ta kutsa tsakiyarsu, mata suka watse suna salati suna tattare abayoyi.

"Ya Azumi, wallahi aib ne! A kan kare?"

Ba ta ko waiwaye shi ba. Ta buɗe, ta ja Simsim ciki, ta danna sakata.

Ta jingina da ƙofa tana haki. Tayil ɗin da ke tsakanin falo da bayi ya jiƙe kamar kullum. Ta ja igiyar ta tsayar da karen dab da wurin, ta ɗaga murya yadda na matakala za su ji.

"Kai Simsim! Daga shigowa? Yaushe za ka koya?"

Karen, wanda tun zuwansa bai taɓa yin ko ɗigo a cikin gida ba, ya sunkuyar da kai ya karɓi faɗan, ita kuwa ta miƙa wa Kawu busasshiyar jallabiya inda yake tsaye dafe da bango, ba tare da ta kalli wadda ke jikinsa ba.