Akwatin da Kawu Garba Ya Zauna a Kai

A shekarar da aka umarci baƙi su bar Gana, ƙungiyarmu ta samarin Zongon Kumasi tana haɗa akwatuna da ragowar katako daga Anloga, unguwar kafintoci. Ni ne ƙaraminsu. Ranar da na gama akwatina na farko, bayan la'asar, wata Hajiya maƙwabciyarmu mai komawa Maraɗi ta ce tana so.

Shugabanmu Kawu Garba, ƙaton mutum, ya ce, "Dakata, Hajiya. Akwatin da zai hau lori, sai ya fara ɗaukar nauyina. In ya karye, yaron nan ya koma shara."

Ya tattara riga, ya yi bisimilla, ya zauna. Katako ya yi ƙara. Ni kuwa ina ta salati a zuci, ƙanshin ɗanyen katako cike da hancina. Ya girgiza, ya ɗaga ƙafafu, akwati ko gezau.

Hajiya ta ce, "Garba, ɗaga mini kayana, kafin ka mai da shi faranti!"

Ya miƙo mini alƙalami. "Rubuta sunanta a murfi, kafinta."

Alhamdu lillahi. Har yau a shagona, akwati ba ya fita sai na zauna a kansa.