Ƙarshen da Aka Canza wa Duniyar Gishiri

Fitilun sinimar ba su gama kamawa ba Trevor Dunstan ya miƙe da littafin a hannu, yana kaɗa shi kamar zai jefi allon.

Ranar Lahadi ce da la'asar a garin Ballarat, ana ta ruwa tun safe. An gama nuna fim ɗin Duniyar Gishiri, an ce za a tattauna kafin a sha shayi. Noreen Tregear na zaune a layi na uku, jakarta a kan cinya, ta sa maɓallan rigar sanyinta har wuya. Ta haura saba'in, kuma rabonta da sinima tun mijinta yana da rai.

Kowa a garin ya san littafin, don marubucinsa, marigayi Gilbert Rawnsley, ɗan nan ne kafin ya koma Landan ya yi suna. Labarin wani kyaftin ne na jirgin sararin samaniya wanda matarsa ta rasu a hanya. Ya sauka a wata duniya da babu komai a cikinta sai gishiri, ya damƙa 'yarsa ƙarama a hannun injinan da ke kula da tashar, ya ce mata zai dawo, ya wuce neman taurari. A littafin bai dawo ba. A fim kuwa, ana dab da ƙarewa, sai ya juya jirgin.

Juyawar nan ce ta tsaya wa Trevor a wuya. Shi ne shugaban ƙungiyar masoya Rawnsley, kuma shi ya yi ta faɗi-tashi har aka kafa wa marubucin allon tunawa a bakin ɗakin karatu. Ya ce an ci amanar mamaci. Ya ce darajar littafin gaba ɗaya tana cikin rashin dawowar nan, domin mutumin da aka yi don babban aiki dole ya bar ƙaramin abu a baya. Aka tafa masa.

Daraktar, Anika Vassallo, tana zaune a kan dandamali da makirufo a hannu. Da aka tambaye ta wa ya kawo wannan shawara, sai ta ce haka aka yanke, ta sunkuyar da kai. Wani daga layin baya ya ce gara ta koma tallan sabulu. Aka yi dariya, ita kuwa ba ta kare kanta ba.

Noreen ba ta zo da niyyar magana ba. Ta dai ga hannunta a sama.

Ta ce akwai abubuwan da fim ɗin ya yi daidai: injinan nan cikin dogayen baƙaƙen riguna, ƙarar mukullai a ƙugunsu, ƙararrawar asuba, sanyin daɓe a tafin ƙafa. Tambayarta ɗaya ce. A littafin, bayan jirgin ya tashi, wa ya sake waiwayar yarinyar? Ko shafi guda ba a ba ta ba.

Trevor ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi.

"Mama, yarinyar ai alama ce kawai. Ba mutum ba ce da za a tsaya tambayar ta ci ko ba ta ci ba."

"Alama tana fitsarin kwance a doke ta?"

Aka sake dariya, wasu suka zaci tsufa ne. Trevor ya tambaye ta ko ta ma karanta littafin. Ta ce sau ɗaya. Ya ce shi ya daina ƙirgawa. Daga nan ya juya mata baya, ya fuskanci jama'a, ya ce laifin ba na darakta kaɗai ba ne. Duk wanda ya gaji Rawnsley ya sa hannu aka yi wannan aika-aika, yana ɓoye a bayan lauyoyi, bai san girman mutumin da ya gada ba, kuma ya kamata ya ji kunya.

Noreen ta zauna. A wurin shayi aka yi ta ratse ta ana miƙa wa juna biskit, ba wanda ya tanka mata. Ta ajiye kofinta a cike, ta fita.

Ta tsaya a ƙarƙashin rumfar sinimar tana jiran bas. Abin da ke cin ta ba maganar Trevor ba ce. Tun da aka kashe fitilu take jiran wurin nan na ƙarshe. Ta ga kyaftin ɗin ya sauko yana gudu a kan gishiri, ta ga ya durƙusa, ta ga yarinyar ta faɗa ƙirjinsa. Matar da ke kusa da ita har da share hawaye. Ita kuwa ta yi ta sauraron wani abu ya kwance a ƙirjinta, har sunaye suka gama hawa allo bai kwance ba.

Anika ta fito ba laima, ta tsaya a gefenta, ta rage murya.

"Ban faɗi sunanki ba, kamar yadda muka yi alkawari. Kin ce ba za ki sa hannu ba sai kyaftin ɗin ya dawo, to ya dawo. Ya yi miki?"

Noreen ta kalli ruwan da ke gudu a kwata.

"Kin yi ƙoƙari, 'yar nan, har zagi kin sha saboda ni. Amma wancan ɗan wasa ne. Ni ubana, tun ranar da ya ajiye ni a gidan marayu na sistocin coci masu baƙaƙen riguna ya tafi Landan rubuta littafin nan, har ya mutu bai juyo ba."