Inshorar Mutum Biyu

Rakiya ta ture kwanon furar da ƙaninta Siddiq ya kawo, ta ce ya maimaita abin da ya faɗa. Ya maimaita ba tare da ya ɗago kai ba: ya riga ya zaɓi tsari na biyu, ya kuma sa hannu.

Mahaifiyarsu, Hajiya Delu, tana kwance a ɗaki tana jin su. Tun bara ƙodarta ta gaza, ake kai ta wankin ƙoda duk mako. Inshorar da ta samu daga aikin gwamnati tana ɗaukar kaso mafi yawa, amma akwai ragowar da majiyyaci ke cikawa da kansa, kuma ragowar nan ce take cin gidan. Shi ya sa 'ya'yan biyu suka yarda su haɗa hannu su saya mata ƙarin inshora da zai rufe wannan giɓin.

Wani kamfani ya ba su zaɓi biyu. Tsari na farko zai biya kason Hajiya gaba ɗaya, na wanki da na magani. Na biyu rabin kason kawai zai biya, amma ya haɗa da tiyata da kwanciyar asibiti na mutum biyu 'yan gida ɗaya. Rakiya, malamar lissafi ce a sakandare, ta yi kwanaki tana auna su, ta ce ko makaho ya san na farko ne nasu. Tun ranar da mahaifinsu ya shiga ɗakin tiyata bai fito da rai ba, ta yi rantsuwa ba wanda zai sake sa wa ɗan gidansu wuƙa. To me za a yi da inshorar tiyata?

Da ta tambayi sunan mutum na biyun, sai Siddiq ya ce nasa ne.

"Kai da ko ciwon kai ba ka yi," in ji ta. "Uwarka na kwance, kai kuma ka samu hanyar lafiya a kyauta. Allah Ya isa, Siddiq."

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri," ya ɗauki hularsa ya koma shagon ɗinkinsa na Ƙofar Sauri.

Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa. In ya shigo gidansu na Ƙofar 'Yandaka da safe, sai ta juya masa baya ta ci gaba da shafa wa Hajiya mai a ƙafa. Ta kai ƙararsa wurin kawunsu a Batagarawa, ta ba matan dangi labari a wurin suna, har ta tare matarsa Binta a zaure ta tambaye ta ko ita ce ta kitsa masa. Binta ta sunkuyar da kai, idonta ya cika. Rakiya ta ɗauki wannan a matsayin amsa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne Hajiya. Duk sanda ta ɗauko maganar, sai tsohuwar ta juya fuska bango ta ce a bar yaron nan haka.

Shi kuwa yaron sai ya shiga tsirfa. Ya daina cin tsire, ya sa Binta ta rage gishiri a miya, ya fara tattaki da asuba kamar wani babban ma'aikaci. Kano ta zama masa kamar bayan gida, wai sayo yadi. Wata rana ya dawo da auduga manne a gwiwar hannu. Rakiya ta yi dariya mai ɗaci, ta ce ai dole, inshora ta samu, ko sauro ya cije shi sai an ɗebi jininsa. Da ta ji ya mayar wa mutane ɗinkin sallarsu bai taɓa ba, ta ce lalaci ya kama shi tun bai fara cin rabonsa ba.

Ranar wata Laraba ta taso daga makaranta ta tarar da ɗakin Hajiya a kulle. Maƙwabciya ta ce tun shekaranjiya Siddiq ya zo da mota ya tafi da ita Kano, ita ta zaci Rakiya ta sani. Ita kuwa Rakiya kwana biyun nan a makaranta ta kwana saboda tsaron jarrabawa. Ta kira wayarsa, a kashe. Ta kira Binta, sai da ta yi mata tsawa kafin ta faɗi sunan asibitin.

Duk tsawon hanya tana shirya abin da za ta gaya masa a gaban mutane. Ya hana uwarsu cikakken wanki, jikinta ya rikice, shi ne ya ɗauke ta a ɓoye don kada asirinsa ya tonu.

Da ta isa asibitin, ta hango Hajiya ta bayan gilashi, tana barci, robobi a hanci da hannu. Ba kowa a kujerar masu jinya. Ta duba baranda, ta duba wajen masallaci, babu shi. Ta dawo ta tare wata nas, ta ce ina wanda ya kawo tsohuwar nan ya yar ya yi tafiyarsa, don yau sai ya gane kurensa.

Nas ɗin ta dube ta, ta nuna ƙofar da ke kusa.

"Ɗanta da ya ba ta ƙodar? Yana nan ciki. Ki shiga a hankali, bai gama farfaɗowa ba."