Igiyar Wule

Jiya 'yata ta nuna mini wani fim a wayarta, na magidancin da ya sayar da saniyarsa don a yi wa matarsa aiki. Ina ganin ya miƙa saniya har da igiya, na yi tsaki na tashi. Wanda ya shirya fim ɗin nan bai taɓa sayar da dabba ba.

Ina ƙarama Inna ta kwanta a asibiti a Jahun, aka ce sai an yi mata aiki. Ranar kasuwa mahaifinmu ya ja Wule, saniyarmu ta ƙarshe. Bayan la'asar ya shigo da igiya kaɗai a hannu. Bai zauna ba. Ya je bakin turke ya dawo, ya naɗe igiyar, ya warware, ya sake naɗewa. Ina biye da shi, warin Wule na tashi daga igiyar.

Na ce, "Baffa, ka manta ba ka ba su igiyarsu ba."

Ya ce, "Saniya suka saya, 'yar nan. Wanda ya sayar da igiya ya gama kiwo ke nan."

Inna ta dawo gida da ƙafarta, amma turken bai sake ganin saniya ba. Igiyar tana ɗakina a Dutse. Ko tari wani ya yi a gidan nan sai in fara waige-waigen abin da za a kai kasuwa. Ko akuya ba ni da ita, amma na kasa yar da igiyar.