Wadda na cusa masa a hannu

Da aka fito da ƙasusuwan mijina daga wutar ƙona gawa, sai ga koren gilashi ya narke ya manne a ƙashin yatsansa.

Ma'aikacin wurin ya dube ni. "Iya, ai mun ce ban da gilashi."

Ban musa ba. Mijina ya tara 'yan ƙwallayen gilashi na dā sun fi dubu. Kafin a sa shi a wutar, na ɗauko wadda yake ji da ita na cusa masa a hannu, don kada ya tafi haka nan.

Ƙaninsa ya ɗaga ƙashin da dogon tsinke, ya duba a haske.

"Matar Yaya, wacce kika sa?"

"Ta kakanku mana."

"Ta Kaka ai jan zare ne a cikinta. Wannan irin wadda ake toshe wuyan kwalbar lemo da ita ce, ko yara ba sa tsinta."

Shekara talatin da takwas mijina yana ɗaga ta kakan nasu yana yi mini bayani, ni kuwa ina wanke shinkafa ina cewa "to".

Na karɓi ƙashin na sa a tulun adana ƙasusuwan. Da ita ya tafi.