Surukar Da Ta Amsa Wa Likita

Hajiya Barakatu ce ta kai Adawiyya, matar ɗanta, asibiti a Malumfashi. Mijin, Muhammad Sani, yana gona ana karyar masara, ita kuwa yarinyar ciwon ciki ya hana ta sakat.

Kowa a Danja ya san Hajiya da baki. Ko kaza aka tambayi kuɗinta a kasuwa, ita za ta riga mai kazar amsawa.

Likita ta duba Adawiyya ta ce gyambon ciki ne. "Magani iri biyu gare mu. Ɗaya yana da saurin aiki, amma mai juna biyu ba ta shan sa. Ɗayan yana jan lokaci, sai dai ba ya taɓa ciki. Tare da ke za mu zaɓa. Hajiya, ko za ki ɗan ba mu wuri?"

"In ba ku wuri? Ni na kawo ta fa, likita. A ɗakina take wuni, me za ta faɗa wanda ban sani ba?"

Likita ta juya ga yarinyar. "Adawiyya, kina zaton akwai ciki?"

Adawiyya ta ja mayafi ta rufe fuska. Cikin fari ne, bai ma fito ba, kuma wace yarinya ce za ta buɗe baki ta faɗi haka a gaban uwar mijinta?

"Babu komai," in ji Hajiya. "Da akwai, da na gani. Ba ta mai saurin, ga aikin kaka yana jiran mu."

Likita ta ce a yi gwaji tukuna. Hajiya ta ce motar Danja ba ta jiran kowa. Ga layi a waje har bakin ƙofa, sai likita ta sakar mata, ta rubuta mai saurin. Nan ita ma ta yi sake.

Ba a rufe mako ba jini ya ɓalle wa Adawiyya. Aka dawo da ita a guje, aka ceci ranta da ƙyar, cikin kuwa ya zube.

Hajiya na zaune a bakin gado, Muhammad Sani ya sunkuya ya tambayi matarsa a hankali, "Me ya hana ki gaya wa likita?"

Adawiyya ta juya fuska bango. "An tambaye ni. Inna ce ta amsa."

Muhammad Sani ya ɗago ya kalli mahaifiyarsa. Hajiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Jikan da ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta, da bakinta ta ce babu shi. Maƙwabta na shigowa jaje, ta kasa ɗaga ido ta amsa ko gaisuwa.

Jama'a, shawarar magani tsakanin likita da mai ciwo take. In kun raka mara lafiya, ku ba shi wuri ya faɗi abin da ke jikinsa, ku kuma likitoci kada ku yanke hukunci sai kun ji daga bakinsa.