Sabuwar Motar Feshi

Da na juyo da motar feshi a ƙarshen gonar hatsi, ban hangi tutar yayana ba.

Damina shida muna yaƙin fara tare, daga Urno har Galma. Shi ke tsayawa bakin gona da jan ƙyalle a kan sanda yana nuna mini layi, ni ina tuƙi. Tsohuwar motar ko ƙofa ba ta da ita. Maganin ya cinye mini fatar hannu, ya bar ni da tari. Amma da iska ta juya nakan ji ta a kumatuna, in kashe famfo, in ƙwala masa kira ya kauce.

Bana purje, wato shirin yaƙin fara da muke wa aiki, ya kawo sabuwa, mazaunin direba a rufe ruf da gilashi. Da safe yayana ya shafa gilashin yana murmushi.

"Kai dai ka huta, ƙanena. Yanzu ko wari ba ka ji."

Gaskiya ya faɗa. Layi goma na yi, iska ta juya ban sani ba.

Na tarar da shi kwance tsakanin karan hatsi, kumfa a baki, riga sharkaf da magani, sandar tana hannunsa. Bai gusa daga wurinsa ba, yana jiran kirana.

A asibitin mishan, bayan sun lulluɓe shi da zane, malamar jinya ta duba idanuna, ta saurari ƙirjina.

"Kai lahiyarka lau," in ji ta. "Ko ɗigo bai taɓa ka ba."